Shafi na Ashirin da Bakwai

Shagon littattafan Malam Zaharaddin yana bakin titin da ya nufi kasuwar Dutsin-Ma, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da zare da allura. Ba wani babban shago ba ne, kanta uku ne da tebur da benci a ƙofa. Amma duk garin an san shi da abu guda: littafin da aka kawo masa, zai ajiye. A kanta ɗaya za ka ga littattafan malamai biyu da ba sa gaisawa, jingine da juna. Za ka ga waƙoƙin yabon ɗan siyasa, kusa da su kuma na masu zambo gare shi. In aka yi masa magana sai ya gyara zaman tabaransa ya ce, "Ni mai sayarwa ne, ba alƙali ba. Mai karatu yana da hankalinsa."

Shekara goma sha tara ya yi yana koyarwa a firamare kafin ya buɗe shagon, kuma wannan magana ba ta fatar baki ba ce a wurinsa. A damunar bana ma an gwada shi.

Malam Ɗanjuma, tsohon malamin gona mutumin Karofi wanda ya yi ritaya, ya rubuta ɗan littafi mai shafi arba'in domin manoma. Rabin farko a kan takin tallafi ne, yadda yake ɓacewa a hanya kafin ya iso hannun manomi, sai a gan shi a shagunan 'yan kasuwa da sabon buhu. Bai kama sunan kowa ba, amma mutane sun gane waɗanda yake nufi. Rabi na biyu kuma shawarwari ne a kan iri da feshi da ajiyar amfanin gona.

Sau biyu Alhaji Mas'ud, wani babban dillalin taki, yana zuwa shagon a kan littafin. Zuwan farko da fara'a ya zo, ya ce a haɗa masa duk kwafin da ke akwai zai saya. Zuwa na biyu bai ko zauna ba, ya tuna wa Zaharaddin cewa mai ginin da shagon yake ciki surukinsa ne.

"Alhaji," in ji Zaharaddin, "in ƙarya ya yi maka, rubuta naka. Wallahi nan kusa da nasa zan ajiye shi, in sayar da su tare."

Labarin wannan amsa ya zaga gari, littafin ya ƙara karɓuwa. Manomi ya shigo neman kalanda ko littafin addu'o'i, Zaharaddin ya miƙa masa na Malam Ɗanjuma ya ce, "Tafi da wannan, zai amfane ka." Abin da bai gaya wa kowa ba shi ne, rabin farko kaɗai ya karanta. Shi ba manomi ba ne, batun iri da feshi bai dame shi ba.

Wata Talata da hantsi, bayan an fara cire wake, Nana Hadiza ta shigo shagon. 'Yar yayarsa ce, ma'aikaciyar jinya, kuma ko fararen kayanta ba ta canza ba, hijabi kawai ta ɗora. Ta gaishe shi a gaggauce, ta zaro littafin daga jaka ta ajiye a tebur.

"Kawu, daga nan aka sayi wannan?"

"Daga nan ne. Lafiya?"

"Jiya da sassafe aka kawo mana wani mutumin Makera, Talha sunansa, da matarsa da 'ya'yansa biyu. Amai suke ta yi, numfashi yana sarƙewa. Ƙaramar yarinyar ba mu zaci za ta kai azahar ba."

"Innalillahi. Sun rasu?"

"Allah ya kiyaye, duk suna raye. Amma buɗe shafi na ashirin da bakwai."

Ya buɗe. Shafin a kan ajiyar wake ne. Malam Ɗanjuma ya yi bayanin ƙwayar maganin ƙwarin nan da manoma ke kira bom, wadda ake ƙunshewa a tsumma a tura cikin buhu. A ƙasa kuma ya rubuta cewa, tunda yanzu rumbu a bayan gida ba shi da tsaro, ɓarayi na fasawa, wasu ma ƙonawa suke yi, gara mutum ya ɗaure buhunansa ya shigar da su ɗaki kusa da shi, inda idonsa zai riƙa kaiwa.

Zaharaddin ya karanta sau biyu. "To, ina laifin?"

"Kawu, ƙwayar nan iska take fitarwa, ita ke kashe ƙwarin. Buhu ba ya riƙe ta. In mutum ya rufe ƙofa ya kwanta da ita a ɗaki, shi ma kashe shi take yi. Buhu huɗu Talha ya jera a gefen gadonsu. Ya ce yadda littafi ya ce haka ya yi."

Ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Cikin kwafi ɗari biyu da aka kawo masa, abin da ya rage a kanta bai fi talatin ba. Kuma yanzu ne kowa ke cire wake.

Ya tashi ya kwashe ragowar da hannunsa ya zuba a kwali, ya tura ƙarƙashin tebur. Tun da ya buɗe shagon bai taɓa sauke littafi daga kanta ba. Sannan ya kira Malam Ɗanjuma a waya, ya roƙe shi ya zo.

Bayan azahar tsohon ya iso a kan tsohon babur ɗinsa. Dogo ne, siriri, mai furfura, kuma ya girmi Zaharaddin da kusan shekara goma sha biyar. Idonsa bai fara sauka ko'ina ba sai a gurbin da littafinsa yake zama.

"Sun ƙare ne?"

"Ba su ƙare ba, Malam. Ni na sauke su."

Ya ba shi labarin tun daga farko, ya nuna masa shafin. Malam Ɗanjuma ya saurara yana kaɗa ƙafa. Da aka gama sai fuskarsa ta ɗaure.

"Allah ya ba su lafiya. Amma wa ya tabbatar maka daga waken ne? Shekara uku ina ajiye nawa a ɗaki, ga ni zaune gabanka."

"A ɗakin kake kwana, Malam?"

"Wannan ba shi ne maganar ba. Maganar ita ce, wata huɗu ana neman hanyar da za a rufe mini baki. An zo da kuɗi ba ka karɓa ba, an zo da barazana ba ka tsorata ba. Yau an zo da labarin asibiti, ka sauke."

"'Yar yayata ce ta zo, ba yaron Alhaji Mas'ud ba."

"Kai ne fa mai cewa kai ba alƙali ba ne, Zaharaddini. Da kunnena na sha ji. Yau ga shi ka yanke hukunci, ko tambayata ba ka yi ba."

Maganar ta soki Zaharaddin, don gaskiya ce. Ya ce, "Malam, in mutum ya karanta abin da ka rubuta a kan taki bai yarda ba, gobe zai zo mu yi gardama a kan bencin nan. Wanda ya bi shafin nan ya rufe ƙofa, ba lalle ya ga goben ba. Ba cewa na yi ka janye littafi ba. Shafi ɗaya za ka gyara."

"In na gyara ɗaya, su ce duka ƙarya ne. Su ce mutumin da bai san ajiyar wake ba, mi ya sani a kan taki?" Ya miƙe. "Ba ni littattafaina. Akwai masu tebur a tasha."

"Naka ne, ba zan hana ka ba. Amma zan sanar da mutane abin da ke shafin, ko ka yarda ko ba ka yarda ba."

Malam Ɗanjuma ya dubi kwalin, ya dube shi. Bai ɗauka ba. Ya fita ba sallama, ya tayar da babur ya tafi.

Ba a yi awa ɗaya ba sai ga motar Alhaji Mas'ud ta tsaya a ƙofa. Yadda labarin ya kai masa da wuri haka, Allah kaɗai ya sani. Ya leƙo ta taga yana murmushi.

"Malam Zaharaddin, ashe ka gane gaskiya. Na ji littafin mutuminka ya kusa kashe mutane. Dama na gaya maka. Kawo sauran in sa a ƙone, ka huta."

"Ba na ƙonawa ba ne, Alhaji. Shafin wake ne ke da kuskure. Na taki yana nan yadda yake."

Motar ta wuce. Zaharaddin ya koma ya zauna. Mutumin da yake girmamawa ya tafi da fushi, wanda ba ya son faranta wa rai ya tafi yana dariya. Ya yi tunanin ko ya mayar da littattafan kanta, ya riƙa gargaɗin mai saye da baki. Sai ya tuna littafi ba a hannun mai saye yake tsayawa ba, ana ara, ana karanta wa wanda bai iya ba, gargaɗin baki kuma ba ya bin sa.

Ya rufe shagon ya tafi asibiti.

Ya sami Talha zaune a bakin gado, ya rame, idanunsa sun faɗa. Matarsa Fatu tana gadon gefe riƙe da ƙaramar yarinyar, wadda ke barci an sa mata ƙarin ruwa. Zaharaddin ya yi musu sannu, ya faɗi ko shi wane ne.

"Ai na gane ka, Malam," in ji Talha. "Ba kai ka ba ni littafin ba? Kalanda na zo saye, ka ce in tafi da shi zai amfane ni."

Ba da zargi ya faɗa ba, kamar mai tuna wa mutum tsohuwar sanayya. Da ya zage shi ma da ya fi masa sauƙi.

"Ka yafe mini," in ji Zaharaddin. "Ban karanta wurin ba na ba ka."

"Haba Malam, ƙaddara ce. Kuma littafin ya yi, abin da ya faɗa kan taki duk haka yake." Ya ɗan yi tari. "Sai dai a gaya wa mutane. Maƙwabcina ma ya ara ya karanta."

Daga nan Zaharaddin bai koma shago ba. A harabar asibitin suka tsaya da Nana Hadiza, ya ɗauki saƙon murya a wayarsa. Ya faɗi sunansa da na shagonsa, ya ce duk wanda ya sayi littafin ko ya ara, kada ya kwana ɗaki ɗaya da buhun da aka sa wa bom, ya fitar da shi yau, ya bar ƙofa a buɗe. Ita kuma ta ƙara da alamomin da in an gani a garzaya asibiti. Suka tura wa duk zaurukan sada zumunta na waya da suke ciki. Ya bi masallatai uku ya roƙi limamai su sanar bayan sallar magariba. Ya sami shugaban 'yan acaɓa na tashar Karofi da na Makera, ya roƙe su su faɗa wa duk wanda suka ɗauka.

Sauran damuwarsa Kurfi ce. Akwai Naziru, mai teburin littattafai a kasuwar can, wanda ya karɓi kwafi ashirin a wurinsa. Ya kira shi.

"Duk sun tafi, Malam," in ji Naziru. "Yawanci mutanen cikin gari ne, zan bi su. Ɗaya ne ke damuna. Abdullatif, ɗan Gwaggo Rekiya ta Ɗantutture. Ranar kasuwar da ta wuce ya saya, kuma a gabana ya tsallaka wurin mai maganin ƙwari ya sayi bom ɗin. Ya ce waken tsohuwarsa zai ajiye. Ita kuwa da jikokinta uku take kwana."

"Kira shi mana."

"Tun da na ji saƙonka nake kira. Ka san can ba sabis sai an hau tudu."

Rana ta riga ta faɗi, kuma ba mai bin hanyar nan bayan magariba. Naziru ya ce zai nemi ɗan acaɓa da safe, amma bai yi alkawarin samu ba. Zaharaddin ya ce shi zai zo da kansa.

Washegari da sassafe yana ƙofar shago yana jiran mai babur, sai ga Malam Ɗanjuma. Kayan jiya ne a jikinsa. Bai sauka ba, ya tsaya injin yana kunne.

"Jiya daga nan Makera na wuce," ya ce, yana kallon gabansa. "Na ce sai na gani da idona. Ɗan'uwan Talha ya buɗe mini ɗakin. Ɗaki ne taku huɗu, ba taga, sai wata 'yar kafa da suka toshe da tsumma saboda sauro. Ni ɗakin da nake ajiye nawa, tsohon ɗakin baƙi ne, ba mai shiga. Da nake rubutun, shi nake gani a raina. Ban tuna wanda ɗakinsa ɗaya ne ba."

Ya juyo ya dubi Zaharaddin, ya ci gaba.

"Na ji saƙonka har sau uku, wajen mutum uku. Saura ina?"

"Ɗantutture."

"Hau."

Suka kama hanyar Kurfi. Gonaki a dama da hagu an yanke dawa an jera, mata na tsintar ragowar wake. A haka har suka isa. Naziru na jiransu a bakin kasuwa, ya kwatanta musu gidan: bayan masallaci, mai bishiyar darbejiya a ƙofa. Daga nan suka sauka daga kwalta suka bi burji, tsohon babur ɗin yana ta tsalle, Zaharaddin yana riƙe da hularsa da hannu ɗaya.

Sun sami gidan ba wuya. Suka yi sallama a zaure, shiru. Suka sake yi da ƙarfi, shiru. Rana ta riga ta ɗaga, lokacin da ya kamata a ji daka ko hayaniyar yara, amma ba motsi.

Malam Ɗanjuma ya ce, "A gafarce mu," ya kutsa kai. Zaharaddin ya bi shi.

Tsakar gidan a share take, murhu ba wuta. Ga ɓawon wake an tara a gefe, ga allurar ɗinkin buhu da ragowar igiya a kan turmi. Ɗaki ɗaya ne mai ƙofar langa-langa, a rufe ruf. A bakin ƙofar, daidai inda ta ɗan ɗaga daga ƙasa, ɓeraye biyu ne kwance matattu. Wani wari mai kama da na tafarnuwa yana fitowa.

"Gwaggo!" Zaharaddin ya ƙwala kira. "Gwaggo Rekiya!"

Ya tura ƙofar, ba ta buɗu ba. Malam Ɗanjuma ya warware rawaninsa ya naɗe hanci da baki, ya ce masa, "Ja baya, kada ka shaƙa." Ya sa kafaɗa ya bangaji ƙofar. A karo na uku ƙusoshin suka fita, ƙofar ta faɗa ciki.

Buhu shida ne jere a jikin bango. Ga gado da shimfiɗa, ga tabarmar yara a naɗe. Ba kowa a ciki.

Tsohon ya leƙa ƙarƙashin gado, ya fito da baya da baya, ya yi nisa da ɗakin, ya zauna a ƙasa daɓas. Ya cire rawanin daga fuskarsa. Sai a lokacin Zaharaddin ya lura da ɗan ƙaramin kwaɗon da ke rataye a jikin ƙofar da ta faɗi. Daga waje aka kulle ta. Tsoro ne ya hana su gani.

"Su wane ne nan? Mi kuke nema?"

Wata tsohuwa ce tsaye a bakin zaure, gajera, da ƙunshi a ka, yara uku a bayanta suna leƙe. Ta dubi baƙin, ta dubi ƙofarta a ƙasa, ta sauke ƙunshin.

"La'ilaha illallahu! Da rana tsaka? Ku da furfurarku?"

"Gwaggo Rekiya?" in ji Zaharaddin.

"Ni ce. Wa ya aiko ku ku karya mani ƙofa?"

Maimakon ya amsa, sai dariya ta kuɓuce masa, irin wadda ke zuwa da hawaye. Ya dafa turmi yana ta maimaita alhamdulillahi. Malam Ɗanjuma kuwa ya rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunsa suna girgiza. Tsohuwar ta ja jikokinta baya, don ta fara zaton mahaukata ne.

Da ƙyar suka yi mata bayani. Ashe jiya da la'asar Abdullatif ya gama ɗinke buhunan ya shigar mata ɗaki. Yana gamawa aka aiko cewa ɗiyarta da ke aure a unguwar gaba ta haihu, sai ta kwashi yaran suka tafi barka. Ta so dawowa, mai jegon ta riƙe ta, suka kwana can.

"Har faɗa na yi mata," in ji Gwaggo. Muryarta ta yi ƙasa. Ta je ta tsaya nesa kaɗan ta dubi ɓerayen, ta juyo ta dubi yaran ɗaya bayan ɗaya. Ta jawo ƙaramin ta riƙe kansa a jikinta.

Aka aika gona aka kira Abdullatif. Ya zo da gudu, magidanci ne mai kimanin shekara talatin da biyar. Da ya ji abin da ya faru sai ya zauna a bakin rijiya ya riƙe kai.

"Ni da na yi don kada a sace mata," ya ce.

"Ba laifinka ba ne," in ji Malam Ɗanjuma. "Ni na rubuta. Ni ne Ɗanjuman da ke bangon littafin."

Suka bar ɗakin ya sha iska, sannan maza suka rufe hanci suka fito da buhunan ɗaya bayan ɗaya zuwa wata rumfa a bayan gida, nesa da inda ake kwana da inda awaki suke. Malam Ɗanjuma ya ce kada kowa ya kwana a ɗakin sai bayan kwanaki, a bar shi a buɗe. Maƙwabta sun taru a zaure jin hayaniya, sai ya tsaya a gabansu ya faɗi kuskurensa da bakinsa, ba tare da kwana-kwana ba. Mutum biyu a cikinsu suka tashi da sauri suka nufi gidajensu.

Gwaggo ta dama musu fura. Suna zaune a inuwar darbejiya, Abdullatif yana fama da guduma a jikin ƙofa, Malam Ɗanjuma ya ce, "Zaharaddini, da na kafe na ƙi gyarawa fa?"

"Da ban ƙara sayar da shi ba, Malam."

"Ko da Mas'ud zai yi ta dariya?"

"Ai ya riga ya yi. Jiya ya zo."

Tsohon ya yi tsaki. "Zai ce duka littafin ƙarya ne."

"Zai ce. Wasu ma za su yarda da shi. Wannan kam ba yadda za mu yi."

"In wani ya zo gobe ya ce shafin taki ma cutarwa ne, yana zubar masa da mutunci?"

"Sai in ce ya nuna mini ƙaryar da ke ciki." Zaharaddin ya juya ludayi a cikin kwanon. "Ban ce kullum zan gane inda iyakar take ba, Malam. Na jiya dai ba ta da wuyar ganewa. Abin da ya fi ci mini rai, da hannuna na riƙa miƙa wa mutane ina cewa zai amfane su, alhali rabi na karanta."

Malam Ɗanjuma ya zaro biro daga aljihu, ya nemi takarda. Babu, sai Abdullatif ya kawo nasa kwafin littafin, tsohon ya rubuta a farin shafin ƙarshe. Ya daɗe yana rubutu yana sokewa. Ya sa gargaɗin a farko, sannan ya kawo hanyar ajiya a jarka ko duro mai murfi da buhu mai leda a ciki, waɗanda ba sa buƙatar magani. Da ya gama ya ce Gwaggo ta matso ya karanta mata, don in ita ta gane kowa zai gane.

Ta saurara da kyau, ta girgiza kai.

"Ka yi tsawo. Kuma ka ce 'ba shi da kyau a kwana da shi.' Abubuwa nawa ne ba su da kyau muke yi? Rubuta yana kisa. Rubuta ko kwana ɗaya ne."

Ya soke layin ya rubuta yadda ta ce.

"Ka kuma sa cewa kai ka yi kuskure a na farko," in ji ta. "In ba haka ba, mai tsohon littafi zai ce nasa ne daidai."

Malam Ɗanjuma ya ɗaga kai ya dubi Zaharaddin. Zaharaddin ya mayar da hankalinsa kan furarsa. Tsohon ya numfasa, ya rubuta, ya sa sunansa a ƙasa.

Suka bar Ɗantutture kafin la'asar. A kan tudu sabis ya dawo, wayar Zaharaddin ta fara ƙara ba ƙaƙƙautawa, ya sa Malam Ɗanjuma ya tsaya. Naziru ne ke cewa ya sami mutum goma sha huɗu cikin nasa, duk lafiya. Wani daga Karofi yana godiya, ya ce buhunansa kwana biyu suka yi a ɗakin matarsa, tana ta ciwon kai ba su san dalili ba. Wani kuma zagi ya turo, ya ce an sayi Zaharaddin. Na ƙarshe daga Nana Hadiza ne: yarinyar Talha ta farka ta nemi koko, kuma ba a kawo musu kowa da irin ciwon ba tun jiya.

Ya karanta wa tsohon wannan da ƙarfi. Malam Ɗanjuma ya ce alhamdulillahi, ya goge ido da gefen rawani.

"Ina so a buga gyaran nan yau. Mai buga takardun nan na kusa da tasha, ƙarfe nawa yake rufewa?" ya tambaya.

"Sai magariba."

"To riƙe da kyau. Hanyar nan gangara ce, birkina kuma sai a hankali."